Daga Jidda zuwa Kano a jirgin sama: tambayoyi da amsoshi kan nisa da lokaci da hanya

Tambayoyin nan su ne waɗanda 'yan'uwanmu mazauna Jidda da Makka da Madina suka fi yi mini idan tafiya gida ta taso, ko idan ana jiran baƙo daga gida. Yawanci mutum ya riga ya duba a waya, ya ga adadin kilomita, sai ya ɗauka ya gama sanin tafiyar. Adadin gaskiya ne, amma ba da shi ake zaɓar tikiti ba, ba kuma da shi ake faɗa wa mai ɗauko ka lokacin da zai zo filin jirgi ba. Na ɗauki Jidda da Kano ne domin ita ce hanyar da akasarinmu ke bi. Wanda gidansu ke Sakkwato ko Maiduguri ko Yamai zai tarar da nasa lissafin a gaba.

Kilomita nawa ne tsakanin filin jirgin Jidda da na Kano?

Kimanin kilomita 3,400, idan aka auna a miƙe daga filin jirgin Sarki Abdul'aziz, wanda ake rubuta wa JED a tikiti, zuwa filin jirgin Malam Aminu Kano mai alamar KAN. Jidda tana nahiyar Asiya, Kano tana Afirka, Bahar Maliya ce ta raba tsakani. Wanda ya taɓa hawa jirgi daga Kano zuwa Legas ya yi kimanin kilomita 830, to wannan ta ninka waccan sau 4. Zagayen duniya baki ɗaya kilomita 40,000 ne da 'yan kai, ke nan tafiyarmu ta kusa kashi 1 cikin 12 na zagayen.

Na duba wurare uku, kowanne da adadin da ya ba ni. Wanne ne daidai?

Yana yiwuwa duka ukun daidai ne, ma'auninsu ne ya bambanta. Mil guda na tudu kilomita 1.609 ne, saboda haka wanda ya auna da shi zai ce maka mil 2,100 da ɗoriya. Matuƙa jirgin sama kuwa da mil ɗin teku suke aiki, mai kilomita 1.852, su a wurinsu tafiyar kimanin 1,850 ce. Idan ka ga adadi ya yi ƙasa sosai, fara duba abin da aka rubuta a gefensa.

Akwai kuma maganar inda aka kafa awon. Filin jirgin Jidda yana kilomita 19 arewa da gari, don haka mai aunawa daga tsakiyar gari da mai aunawa daga titin jirgi ba za su zo ɗaya ba. Bambanci mai girma yana zuwa ne idan wani ya ba ka awon miƙe, wani kuma ya ba ka ainihin hanyar da jirgin ya bi a ranar. Ta biyun kullum ta fi tsawo.

A allon da ke bayan kujera na ga layin tafiyar ya ɗan lanƙwasa. Ashe ba a miƙe jirgi ke tafiya ba?

Taswira a shimfiɗe take, duniya kuwa a dunƙule. Kife ƙwarya, ka ɗiga alama biyu a bayanta, ka ja zare tsakaninsu har ya ɗame. Inda zaren ya kwanta, nan ce hanya mafi kusa. Da za a fasa ƙwaryar a shimfiɗe ta a ƙasa, layin nan da ya miƙe zai fito a karkace. Abin da kake gani a allo ke nan. A hanyarmu karkatar kaɗan ce, tana ɗan turawa arewa, saboda muna kusa da tsakiyar duniya. Wanda ya tashi daga Jidda zuwa New York shi ne zai ga abin sosai, domin jirginsa sai ya haura ta kan Turai ya gangaro ta gefen Kanada.

Ga wani abu da nake son kowa ya sani, don yana faranta mini rai duk lokacin da na tuna. Lissafin da ake fitar da hanya mafi kusa ga jirgi, shi ne dai lissafin da ake fitar da alƙibla. Masallatan Kano suna fuskantar gabas da ɗan karkata arewa, kimanin digiri 68 idan aka ƙirga daga arewa. Jidda kuwa maƙwabciyar Makka ce, tazarar da ke tsakaninsu ba ta kai ta sauya kusurwar da digiri guda ba ga wanda ke Kano. Ke nan jirgin da ya tashi daga Kano ya miƙe zuwa Jidda, layin da liman ke fuskanta a mihirabi shi yake bi.

Sai dai matuƙi ba ya bin zaren nan sak. Sararin sama yana da hanyoyinsa da aka shata, da mahaɗai masu sunaye, kuma masu kula da zirga-zirgar jirage na kowace ƙasa suna miƙa jirgi ga na gaba idan ya kai iyakarsu. Da damina kuma hadari kan taso ya yi tsiri har ya wuce tsayin da jirgi ke tafiya, dole a kewaye shi.

Ta kan waɗanne ƙasashe ake wucewa?

Idan hanya a buɗe take, da tashi daga Jidda sai teku. Faɗin Bahar Maliya a daidai nan bai fi kilomita 200 da wani abu ba, kafin a gama raba ruwan sha an tsallake shi. Mutane da yawa suna jin an ce nahiya biyu sai su zaci rabin tafiyar a kan ruwa ake yin ta, alhali ruwan bai kai kashi 1 cikin 10 ba. Daga nan sai duwatsun gaɓar Sudan, arewa da Port Sudan, sai hamada. Wanda ya samu kujerar taga da rana, sama kuma ta yi garau, ya zuba ido wajen Dongola: zai hango Kogin Nilu siriri, da koren gonaki da dabino manne a gefensa biyu, daga nan rairayi ya ci gaba har iyakar gani. Sudan ce ta fi kowace ƙasa cin rabo a tafiyar. Bayanta sai Chadi, a wuce ta arewacin Tafkin Chadi, a ɗan taɓa yankin Diffa na Nijar, a shigo Najeriya ta Yobe, a bi ta kan ƙasar Haɗeja, jirgi ya fara sassautowa.

Ba zan iya wuce wannan tambaya ban ambaci waɗanda suka taka wannan ƙasa da ƙafa ba. Hanyar alhazan da tana kudu kaɗan da layin jirgi, inda ake samun ruwa da garuruwa: Kano, Maiduguri, Fort Lamy wadda yanzu ake kira Njamena, Abeche, Janaina, Fashir, Ubayyid, Khartum, har Sawakin a bakin teku, inda ake shiga jirgin ruwa zuwa Jidda. Tafiyar takan ci shekaru, domin guzuri yana ƙarewa a hanya, sai a tsaya a yi noma ko ƙodago a tara na gaba. Bayan an buɗe gonakin auduga na Jazira a 1925, da yawa a can suka yi aikin da ya kai su Makka, wasu kuma a can suka zauna har jikoki. Garin Mai Wurno da ke bakin Shuɗin Nilu mutanen Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya ne suka kafa shi, ƙarƙashin ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno, bayan yaƙin Burmi na 1903. Cikinmu nan Makka da Jidda akwai gidajen da kakanninsu ta wannan hanya suka iso.

Shi ma jirgin sama sawunsu ya bi da farko. Jiragen da suka fara sauka a Kano, a watan Nuwamban 1925, na sojan Ingila ne guda 3 da suka taso daga Masar ta Sudan. A 1936 kamfanin Imperial Airways ya fara zirga-zirga tsakanin Khartum da Kano, yana yada zango a garuruwa irin su Fashir da Fort Lamy da Maiduguri.

Awa nawa ake yi a sama? Tikitina ya nuna awa 3 a tafiya, awa 7 a dawowa.

Jirgin da ba ya tsayawa ko'ina, a kan miƙaƙƙiyar hanya, yana yin awa 4 da rabi zuwa 5. Gudunsa idan ya daidaita a sama kilomita 850 zuwa 900 ne a awa, a tsayin kilomita 10 zuwa 12, sai a ƙara lokacin hawa da na sauka da na jiran layi a titi.

Abin da ke rikita mutane shi ne agogo. Saudiyya tana gaban Najeriya da Nijar da awa 2, rani da damina, ba ya sauyawa. Tikiti kuma kowane lokaci da ke jikinsa na garin da aka ambata ne: lokacin tashi da agogon inda za a tashi, lokacin sauka da agogon inda za a sauka. Wata Hajiya daga Shara Mansur a Makka ta taɓa miƙo mini wayarta, ta kaɗa allon da yatsa, ta ce, "Ɗana, duba mini nan. Tashi goma na safe, sauka ɗaya na rana. Sabon jirgi aka kawo ne mai gudu haka?" Na ce, "Hajiya, jirgin dai shi ne wanda kika sani. Awa biyar za ki yi a zaune. Idan kin sauka agogon hannunki zai nuna uku, na bangon filin jirgin Kano zai nuna ɗaya." Ta ce to wanne za ta faɗa wa jikanta da zai zo ɗaukarta. Na ce wanda ke jikin tikitin, kada ta ƙara kada ta rage.

A dawowa lissafin juyawa yake. Wanda ya tashi daga Kano ƙarfe 10 na dare zai sauka Jidda wajen 5 na asuba, kuma kwanan wata ya riga ya sauya. A lura da wannan sosai idan bizar fita da dawowa ta kusa ƙarewa, domin ranar da ka sauka ake dubawa, ba ranar da ka baro gida ba.

To me ya sa wasu suka ce sun yi awa 6 ko 7 ba tare da sun sauka ko'ina ba?

Yaƙin Sudan ne. Ranar 15 ga Afrilun 2023 faɗa ya ɓarke a Khartum tsakanin sojojin ƙasar da dakarun kar-ta-kwana na RSF, filin jirgin birnin na cikin wuraren da aka fara gwabzawa, har harbi ya samu wani jirgin kamfanin Saudia na Saudiyya da ke shirin tashi. Nan take aka rufe sararin samaniyar ƙasar. Abin ya shafi har Sudan ta Kudu, domin daga Khartum ake kula da jiragen da ke ratsa samanta a can ƙololuwa. Tunda Sudan ce tsakiyar hanyarmu, sai ya zama dole a kewaya, ko dai ta arewa a bi ta Masar da Libiya, ko ta kudu a bi ta Habasha da gabashin Afirka a ɓullo ta Afirka ta Tsakiya da Kamaru. Kowacce aka bi, an ƙara ɗaruruwan kilomita, ta kudun ma ta fi.

Ƙarin tafiya ƙarin mai ne. Babban jirgi irin A330 yana shan kusan tan 6 a awa guda. Shi ya sa a aikin Hajjin 2023 kamfanonin jigilar alhazan Najeriya suka nemi ƙarin dala 250 a kan kowane maniyyaci. A watan Agustan 2023 ɗin kuma Nijar ta rufe nata sararin na kusan wata guda bayan juyin mulki, hanya ta ƙara ƙunci.

Ni ban taɓa ganin laifin kamfanin da ya kewaye wurin da ake harbe-harbe ba. Hanyar lafiya a bi ta da shekara. Abin da nake roƙo kawai, mai sayen tikiti ya tambayi awa nawa jirgin nan ke yi a wannan makon, kada ya dogara da abin da ya saba shekarun baya. Kuma idan awa ɗaya ko biyu da aka ƙara mana ta dame mu, mu tuna da waɗanda ke ƙarƙashin wannan sama da aka rufe, cikinsu har da dangin da yawa daga cikinmu. Allah Ya kawo musu zaman lafiya.

Ko da hanya ɗaya aka bi, tafiya da dawowa ba sa zuwa daidai. Me ke kawo haka?

Iska. A can sama akwai iska mai ƙarfi da ke kaɗawa gefe guda na tsawon watanni. Idan ta biyo bayan jirgi sai ta tura shi, idan ya fuskance ta sai ta rage masa gudu. Da damina iskar saman yankinmu daga gabas take tasowa, ta taimaki mai tafiya Kano. Da hunturu ta yamma ce ke da ƙarfi, musamman ta wajen arewa, ta taimaki mai zuwa Jidda. Bambancin yawanci na mintoci ne.

Tikitin da ke yada zango ya fi araha. Nawa yake ƙara wa tafiyar?

Ya danganta da inda za a yada zangon. Ta Alƙahira, kimanin kilomita 1,200 ne daga Jidda, sai 3,100 zuwa Kano, jimla 4,300. Ta Addis Ababa, 1,400 da 3,300, wato wajen 4,700. Ta Doha kuwa sai ka fara yin gabas kilomita 1,300, kana ƙara nisa da gida, sannan ka juyo ka yi 4,700 da wani abu, jimla ta haura 6,000.

Amma ba kilomitan ne ke gajiyar da mutum ba, zaman jira ne. Akwai zangon awa 2, akwai na awa 10. Kafin ka biya, duba abu uku a jikin tikitin: tsawon jiran, ko kayanka za su wuce kai tsaye har Kano, da kuma ko tikiti ɗaya ne ya haɗa jiragen biyu. Na ukun nan ya fi muhimmanci. Idan tikiti ɗaya ne, jirgin farko ya makara har na biyu ya tafi, kamfani ne zai nema maka wani. Idan kai ka sayi biyu daban-daban don neman sauƙi, asarar a wuyanka take.

Saurayi mai jaka ɗaya ya bi duk wadda ta fi masa sauƙi. Amma tsohuwa, ko mace mai goyo da yara biyu a hannu, ko wanda bai iya karanta allon ƙofofi ba, ina ba da shawarar a daure a cika kuɗin a saya musu na kai tsaye. Araha ba ta ado.

Mu ba Kano za mu sauka ba. Yaya nisan sauran garuruwan?

Daga Jidda, a awon miƙe: Maiduguri kimanin kilomita 3,000, ita ce mafi kusa. Abuja da Sakkwato kusan ɗaya suke, wajen 3,700 kowacce. Yamai 4,000. Legas 4,200. Mai tashi daga filin jirgin Yarima Muhammad bin Abdul'aziz na Madina zuwa Kano zai yi kimanin 3,550, ƙarin da bai wuce na minti 10 zuwa 15 ba a kan na Jidda. A ƙiyasce, duk kilomita 850 ka ba ta awa guda, sannan ka ɗora rabin awa a kan jimlar.

Tunda nisan bai sauyawa, me ya sa kuɗin tikiti ke hawa da sauka?

Domin kujera ake sayarwa, ba kilomita ba. Goman ƙarshe na Ramadan, da kwanakin da ke bayan Sallah, da lokacin da makarantu suka yi hutu, masu nema sun fi kujerun yawa. Wani lokaci ma jirgin yakan zo maƙil ya koma rabi, kamfani kuwa sai ya fitar da kuɗin zuwa da komowa. Mazaunin nan yana iya cin moriyar wannan: lokacin da jama'a ke tururuwar shigowa Umara, kujerun fita zuwa gida sun fi samuwa. Lokacin da suke komawa kuwa, kai da su za ku yi ta rububi.

Baƙona zai taso daga Kano da niyyar Umara. A ina zai ɗaura harami?

Idan Jidda zai sauka ya wuce Makka, abin da mafi yawan malamai suke kai shi ne kada ya bari sai ya sauka, ya yi niyya a sama idan jirgi ya zo daidai da miƙati. Miƙatan da ke ta ɓangaren teku su ne Juhfa, kusa da Rabig a arewa, da Yalamlam a kudu. Jiragen da suka saba ɗaukar masu ibada suna sanarwa kafin a iso. A nan ne sanin gudun jirgi ke da amfani: yana cin kusan kilomita 14 a minti guda, wanda ya tsaya neman jakarsa bayan an yi sanarwa zai iya wucewa bai shirya ba. Ka ce masa ya yi wankansa a gida, ya ɗaura zanen haramin tun a Kano ko ya riƙe shi a jakar hannu, kada ya kuskura ya sa shi cikin kayan awo. Layin banɗaki yakan yi tsawo a awar ƙarshe, gara ya shiga da wuri.

Wanda zai fara da Madina ba ruwansa da wannan, sai ranar da zai fito ya ɗaura a Zul Hulaifa, wurin da aka fi sani da Abyar Ali. Mazaunin Jidda kuma daga gidansa yake ɗauka. Malaman fiƙihu sun yi magana ta daban a kan mai tsallakowa daga Sawakin kai tsaye, wanda ke isa Jidda kafin ya daidaita da wani miƙati. Mai irin wannan tafiya ya zauna da malaminsa kafin ya taso.

Salla da azumi fa a cikin jirgi?

Tazarar ƙasaru a mazhabar Malikiyya mil 48 ce, kimanin kilomita 80, tafiyarmu ta ninka ta fiye da sau 40. Idan za a iya yin salla a ƙasa kafin tashi ko bayan sauka cikin lokacinta, ya fi natsuwa. Wasu manyan jiragen Saudia suna da ɗan wurin salla a baya. Mai zuwa Jidda alƙibla tana gabansa, mai tafiya Kano tana bayansa, sai dai idan an kewaya, a nan allon kujera ko ma'aikatan jirgi za su nuna maka.

Mai azumi ya san cewa tafiya yamma tana tsawaita yini. Ka tashi daga Jidda ƙarfe 3 na rana, ka yi awa 5, agogon hannunka ya nuna 8 na dare, iyalinka a Jidda sun daɗe da shan ruwa, kai kuwa ka sauka Kano ƙarfe 6 ana shirin kiran magariba. An ƙara maka kusan awa 2. Ba da agogon garin da ka baro ake buɗe baki ba, ba kuma da na garin da ke ƙarƙashinka ba, sai ka ga rana ta faɗi daga inda kake. Daga sama kuma takan ɗan jima ana ganinta bayan ta ɓace wa na ƙasa. Mai zuwa Jidda shi yininsa gajarta yake yi. Matafiyi dai Allah Ya yi masa rangwame ya sha ya rama, babu dalilin da dattijo mai ciwon sukari zai wahalar da kansa.

Mu danginmu a Sudan suke. Nawa ne daga Port Sudan?

Kilomita 300 da 'yan kai ne tsakanin filin jirgin Port Sudan da na Jidda, ƙasa da awa guda a sama. Nahiya biyu ne, amma ya fi kusa a kan Jidda zuwa Riyad nesa ba kusa ba. Agogon Sudan yana bayan na Saudiyya da awa 1. Akwai kuma jirgin ruwa tsakanin Sawakin da tashar Jidda, wanda yawanci kwana ake yi a cikinsa, ya fi dacewa da mai kaya da yawa. A makonnin farko na yaƙin 2023, ta wannan mashigi aka kwashe dubban mutane daga Port Sudan zuwa Jidda.

Ina jin tsoron doguwar tafiya a kan hamada. Idan mai ya ƙare fa?

Ka kwantar da hankalinka. Kilomita 3,400 matsakaiciyar tafiya ce ga jiragen yanzu. A330 da Boeing 777 suna iya ninka ta sau 2 har da ƙari ba su sha mai ba. Doka kuma ba ta barin jirgi ya tashi da man da zai kai shi kawai. Sai ya ɗauki na isa, da na wucewa wani filin idan ba a samu sauka ba, da na shawagin aƙalla minti 30, da ƙari saboda abin da ka iya tasowa. Shi ya sa idan hazo ya rufe Kano da hunturu za ka ji an wuce da mutane Abuja. Abin da ban haushi ga mai jira, amma alama ce ta cewa tsarin yana aiki.

Na san abin da ke zukatan manyanmu idan aka yi wannan tambaya. Ranar 22 ga Janairun 1973 jirgin alhazai ƙirar Boeing 707 da ya taso daga Jidda ya yi hatsari wajen sauka a Kano, mutum 176 suka rasu. Ranar 11 ga Yulin 1991 wani ƙirar DC-8 da zai kai alhazai Sakkwato ya faɗi jim kaɗan bayan tashi daga Jidda, bayan tayoyinsa sun fashe sun kama wuta, duka mutum 261 da ke ciki suka rasu. Allah Ya jiƙansu, Ya karɓi aikinsu. Duka biyun a bakin filin jirgi suka faru, ɗaya wajen sauka ɗaya wajen tashi, ba tsawon hanya ne ya jawo su ba.

Mahaifiyata ce za ta yi tafiyar, ƙafafunta kuma suna kumbura. Me za mu yi?

A nema mata kujerar bakin hanya, ta riƙa miƙewa tana ɗan takawa duk bayan awa guda, tana motsa ƙafa ko a zaune. Ta sha ruwa sosai, domin iskar cikin jirgi busasshiya ce, kuma iyayenmu sukan ƙi sha don gudun zuwa banɗaki. Magungunanta su kasance a jakar hannu. A nemi keken guragu tun lokacin sayen tikiti, sabon ginin filin jirgin Jidda yana da faɗi, tafiyar ƙafa a cikinsa ba kaɗan ba ce. Idan ta taɓa samun daskarewar jini ko an yi mata aiki kwanan nan, likita ya gan ta kafin ranar.

Daga ƙofar gida zuwa ƙofar gida, yini nawa zan ware?

Ware yini guda cur. Daga Makka zuwa filin jirgi kusan kilomita 100 ne, awa guda zuwa ɗaya da rabi a mota. Jirgin ƙasa na Haramain, wanda aka buɗe a 2018, yana da tasha a cikin sabon ginin, amma yana da iyaka a kan kaya, mai manyan jakunkuna na tsaraba gara ya nemi mota. Daga Madina ta hanyar mota ya haura kilomita 400.

Ka tabbatar da ginin da jirginka zai tashi kafin ka baro gida. Filin, wanda aka buɗe a 1981, yana da sabon gini, da ginin arewa, da kuma rumfunan alhazai masu rufin tanti, kuma ba a tafiya tsakaninsu da ƙafa. Ka isa awa 3 kafin tashi, a lokacin cunkoso ka ƙara. Mai igama, wato takardar izinin zama a Saudiyya, ya duba bizarsa ta fita da dawowa a manhajar gwamnati ta Absher tun ana saura kwanaki, ya auna jakunkunansa a gida, domin kuɗin ƙarin kilo a wurin awo yana da zafi.

Sai awa 5 a sama, ko fiye idan an kewaya. Sai awa guda zuwa 2 na duba fasfo da jiran kaya a Kano. Wanda zai wuce Zariya yana da sauran kimanin kilomita 150, Katsina 170, Damagaram 240 da tsallake iyaka. Idan jirginka da dare zai sauka, ka shirya inda za ka kwana a Kano tun daga nan, ka kama hanya da safe.